Ruwan Takaba da Mataimakin da Ba Ya Tuna Jiya

Malam Musaddiq, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni, kuma ka rufa mini asiri, kada ka sa sunana. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina gogewa. Ta farko na rubuta ta kamar tambayar aiki zalla, wai yaya ake sa mataimakin AI ya riƙa tuna abin da aka gaya masa jiya. Da na sake karantawa sai na ga har a takarda ma ɓoye-ɓoye nake yi. Saboda haka zan faɗa maka komai, in ta yi tsawo ka yi haƙuri da ni.

Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Haɗeja, shekarata ashirin da tara. Na karanta kimiyyar kwamfuta, amma tsakani da Allah abin da na fito da shi daga makaranta bai kai in gina manhaja ni kaɗai daga tushe ba. Abbanmu manomin rani ne. Yana cikin wata ƙungiya ta mutum tamanin da huɗu masu noman alkama a fadama, duk suna shan ruwa daga manyan injina biyu a bakin kogi. Tun da ciyawar kacalla ta cinye rabin hanyar ruwan, layin ban ruwa ya zama abin faɗa. Kowace shekara sai an yi rigima, wane ya riga wane, wane ya ƙara wa kansa rabin awa. Bara har sai da aka shiga tsakanin wasu 'yan uwa biyu da suka ɗaga wa juna fartanya.

Ni da bakina na ce zan yi musu manhajar da za ta riƙa raba layin, babu wanda ya roƙe ni. Na yi ta a wata uku, ni da mataimakin nan. Na san ka san shi, amma saboda masu karatu: irin AI ɗin nan ne da ke zama a cikin kwamfuta, ka rubuta masa abin da kake so, shi kuma ya rubuta kod ɗin, ya buɗe fayil ya gyara, kai naka ka duba ka danna ka amince. Aikin manhajar mai sauƙi ne. Kullum da safe tana tura wa Haris, mai kula da injinan, saƙon tes mai sunayen masu ruwan ranar da awar kowa. Kowane manomi kuma ana gobe ruwansa zai sami saƙon da ke gaya masa ƙarfe nawa za a buɗe masa. Lokacin buɗewa kawai yake gani, ba ya ganin yawan awoyin.

Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Rigima ta kwanta. Shugaban ƙungiya ya laƙaba mini Injiniya, Abba kuwa babu majalisar da bai kai labarina ba, har a wajen ɗaurin aure. Ban taɓa gaya wa kowa cewa da mataimaki na yi ba. Da farko ban ɗauke shi ɓoyewa ba, na ce ai ba su tambaya ba. Amma ran da sakataren ƙungiya ya tambaye ni a gaban mutane ko da gaske ni kaɗai na rubuta duk wannan, murmushi na yi na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce ta 'ya mace. Na san abin da na yi, kuma na ji daɗinsa.

Shi mataimakin, a raina Malam To nake ce masa, don duk abin da na faɗa zai ce na yi gaskiya. Yana da ƙwazo, ba ya gajiya, ba ya ƙorafi. Matsalarsa ɗaya, da na rufe zaman yau na buɗe sabo gobe, ya manta da ni da fadamar baki ɗaya. Sai in sake yi masa bayani daga farko: injina biyu ne, ba a ban ruwa lokacin sallar Juma'a, waɗanda ke ƙarshen hanyar ruwa ana ƙara musu minti talatin saboda ruwan na jimawa kafin ya isa. Wani lokaci in na gaji da maimaitawa sai in ƙi rufe zaman, in yi mako guda a cikinsa, shi kuma a hankali sai ya fara shirme, ya canza sunan abin da shi ya raɗa shekaranjiya, ya dawo da abin da muka yarda mun cire. Na sha cewa zan zauna in rubuta ƙa'idojin a waje guda, amma kullum ga makin jarrabawa, ga girki, ga babu wuta. Duk dokokin ƙungiyar a kaina suke, da kuma cikin tsofaffin hirarrakin da ban ƙara buɗewa ba.

To ƙungiyar tana da wata al'ada tun kafin a haife ni, suna ce mata ruwan takaba. In ɗan ƙungiya ya rasu a tsakiyar noma ya bar mata cikin takaba, ba a barin gonarsa ta fita daga layi. Ana haɗa awoyinta a kan na maƙwabcin da ruwa ke bi ta gonarsa, shi zai shayar da tasa ya shayar da ta marayun, har matar ta fita. Ba a biyansa, ba a kuma ba kowa wannan amanar sai wanda aka yarda da shi. Mako guda bayan shuka, Allah ya yi wa Malam Adam rasuwa, ya bar matarsa Falmata da yara biyar. Aka ɗora gonarsa a hannun Baba Umara, amininsa na shekara arba'in, wanda kuma aminin Abba ne. Baba Umara shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, har yau 'yata yake ce mini.

Na yi wa mataimakin bayanin al'adar a wani dogon zama. Har ya yaba, ya ce tsari ne mai kyau. Don mu yi sauri sai muka sa sunan Baba Umara sau biyu a jere a cikin layi, awa biyu nasa, awa biyu na gonar Falmata. Babu inda muka rubuta dalili. Na ce ai ni na sani.

Wajen ƙarshen Janairu, lokacin da alkama ke fitar da kai, aka sami matsala, wasu saƙonnin ba sa isa. Na buɗe sabon zama a ofishin malamai, tsakanin darasi da darasi, cajin kwamfutata ya kusa ƙarewa. Na ce wa mataimakin ya gyara tura saƙon, kuma in ya ga wani abin da ba daidai ba ya tsabtace. Wannan kalmar ta ƙarshe ita nake ta tunawa. Ya taɓa fayil tara. Ya jero mini abin da ya yi, kuma a layi na shida ko na bakwai ya rubuta ƙarara cewa ya ga suna ɗaya ya maimaitu, ya cire ɗaya. Bai ɓoye mini ba, Malam. Ni ce ban karanta ba. Aka buga ƙararrawa, na danna na amince, na tafi aji.

Ranar ruwan Baba Umara ta zo, Haris ya rufe bayan awa biyu, ya ce haka saƙo ya zo. Baba Umara bai yi musu ba, domin a makon ne Shu'ibu, yayan Falmata, ya zo daga Birniwa yana cewa zai sa ido a kan gonar, sai ya ɗauka an ware mata nata layin. Gonar tana can ƙasa da tasa, kacalla ta kare ta, ba a hango ta sai an taka. Da mako ya zagayo aka sake rufewa a awa biyu, hankalinsa bai kwanta ba, ya gangara ya duba. Ya tarar ƙasa ta tsage, alkamar ta yi yaushi. Daga gonar ya yo gidanmu kai tsaye, ko wanke ƙafa bai yi ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji shi a zaure yana gaya wa Abba.

Tun kafin ya gama jikina ya ba ni. Na shige ɗaki na buɗe kwamfuta, ban yi minti goma ba na gano. Nan ne na yi abin da ya hana ni sukuni. Maimakon in fita zaure in ce Baba laifina ne, sai na mayar da sunan na biyu, na rufe kwamfutar, na koma kan tankaɗena. Na ce wa raina an gyara, gobe a ba gonar ruwa, magana ta wuce.

Abin da ban tuna ba shi ne, manhajar ba ta ajiye abin da ta tura. In ka nemi makon jiya, sake lissafawa take yi da tsarin da ke kanta a yau. Washegari sakatare ya buɗe ta a gaban kwamiti, sai ga Umara awa huɗu, makon jiya awa huɗu, wancan makon ma awa huɗu. Aka kira Haris. Wayarsa ƙarama ce, kullum da yamma yake goge saƙo don na gobe ya sami waje. Ya ce shi abin da ya zo yake bi, kuma a cikin mutum tamanin da huɗu ba zai rantse a kan awar kowa ba. Na san tsoro ne ya kama shi, shi ma yana da iyali. Shu'ibu ya ce maganar a fili take, tsoho ya juya ruwan marayu zuwa gonarsa, da ya ga za a gane sai ya riga kowa kai ƙara. Aka turo a tambaye ni ko manhajar tana kuskure. Na ce zan duba. Kwana goma sha tara ke nan ina dubawa.

Gonar ta sami ruwa, amma kan alkamar babu nauyi, kowa ya ce ba za ta yi rabin ta bara ba. Baba Umara ya daina zama a majalisa. Abba ya ce a masallaci ma sahun baya yake tsayawa, ana sallama ya fice. Baba Umara ya aika wa kwamiti cewa in abin da zai kashe maganar ke nan, a ɗebi alkamarsa a ba yaran Adam, sai mutane suka ce ai ga shi ya amsa laifi. An sa ranar Asabar ta biyun wata mai kamawa za a zauna a cire shi daga ƙungiya. In aka cire shi babu ruwa, babu noman rani, kuma ba wannan ne babba ba. Mutum mai shekara saba'in za a bar shi da sunan ya ci amanar marayun amininsa. Abba bai yarda Baba Umara ya aikata ba, amma ya ce shi ba zai iya ƙaryata na'urar 'yarsa ba. Ya faɗi haka ne ina zuba masa ruwan wanke hannu.

Shekaranjiya na gamu da Baba Umara a hanyar kasuwa, ina cikin Keke Napep. Shi ya fara ɗaga mini hannu, ya tambayi makaranta, ya sa mini albarka. Ban iya kallon idonsa ba.

Gaskiyar tana hannuna. Wajen da ake tura saƙonnin yana ajiye kowane tes da ya fita, ni kaɗai ke da mabuɗin shiga, kuma na gani da idona: Umara, awa biyu, sau biyu. Tarihin canje-canjen manhajar ma yana nan, da ranar da aka cire da ranar da na mayar. Amma in na fito da su, kowa zai san ba ni kaɗai na rubuta ba, zai san ban karanta abin da na amince da shi ba, zai kuma san na gyara a ɓoye na yi shiru. Akwai waɗanda tun farko suka ce ba a ba mace rabon ruwa, na san har dariyar da za su yi. Za a watsar da manhajar, a koma ɗaga fartanya. Abba kuwa ban san da wace fuska zai sake zama a cikin mutane ba.

Wani abin takaicin, na koma na tambayi mataimakin dalilin da ya sa ya yi haka. Ya ba ni haƙuri mai kyau, ya ce ba zai sake ba. Makon jiya na buɗe sabon zama don wani ɗan gyara, yana gama duba fayilolin ya ce ya lura suna ɗaya ya maimaitu, ko ya cire? Na zauna ina kallon allon, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Falmata ba ta fita takaba ba, kuma rai na hannun Allah, gobe wata ce za ta shiga.

Malam, yaya zan yi in riƙe wannan abu a kan hanya daga zama zuwa zama, ko dai in haƙura da shi gaba ɗaya tunda na nuna ban isa ba? Sannan akwai hanyar da zan wanke Baba Umara ba tare da na tona kaina ba? Na yi tunanin in ce matsalar sadarwa ce. Na san amsar da za ka ba ni, amma ina so in ji ta daga bakin wani.

Taka,
'Yar Fadama, Haɗeja

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na tsallake wasiƙu da dama na sa taki a gaba, kuma na tura miki wannan amsa tun ranar da na karanta, saboda Asabar ɗin nan ba za ta jira fitowar jarida ba. Zan fara da tambayarki ta biyu. A'a, babu wannan hanyar. In kika ce matsalar sadarwa ce, mai son ya yarda zai yarda, Shu'ibu kuma zai ce 'yar aminin Umara ta rufa masa asiri, zargin ya bi tsohon har kabari. Abin da zai wanke shi tas shi ne saƙonnin nan biyu da ranakunsu, tare da bakinki yana cewa ni na yi.

Kin tara abu uku kin ɗaure su da igiya ɗaya kina jin kunyarsu, alhali ba nauyinsu ɗaya ba. Aiki da mataimaki ba abin kunya ba ne. Masu rubuta manhaja da yawa da na sani da shi suke aiki, kuma ba shi ya san ana ƙara wa na ƙarshen hanya minti talatin ba, ke kika sani. Amincewa da gyaran da ba ki karanta ba sakaci ne, irin wanda duk mai wannan sana'a ya taɓa yi, ni ma na yi, sai dai naki ya faɗa a kan gonar marayu. Na ukun shi ne shirun. Shi ba kuskure ba ne, kullum da safe sabunta shi kike yi, kuma wani ne ke biyan kuɗinsa da mutuncinsa.

Ba zan ce miki tsoronki banza ba ne. Za a yi dariyar, wasu ma za su ce dama sun faɗa. Mai yiwuwa a ajiye manhajar kaka ɗaya. Mahaifinki zai ji zafi, kuma zai yi kwanaki bai sake da ke ba. Haka nan ba ke kaɗai ce da sakaci ba: Baba Umara ya bar mako guda bai tambaya ba, kwamiti kuma ya yi gaggawar fifita allon kwamfuta a kan mutumin da ya sani shekara arba'in. Amma ki auna da kanki. Ke abin da za ki rasa suna ne na Injiniya, kina da shekara ashirin da tara da lokacin sake gina shi. Shi yana da saba'in. Kuma mahaifinki, da kike tsoron kunyarsa, a yanzu haka kin sa shi yana juya wa amininsa baya saboda ya yarda da ke. Ranar da ya gano da kansa, wannan ce kunyar da ba zai iya ɗauka ba.

Ga yadda za ki yi. Ki buga saƙonnin biyu da tarihin canjin a takarda. Ki fara da mahaifinki, ku biyu, yau ko gobe. Daga nan ku tafi gidan Baba Umara tare, kada ki bari ya fara ji a taro. Ki faɗa masa duka, har da tankaɗen, kada ki tsaya a kan cewa na'ura ce ta yi kuskure. Sannan ki nemi shugaban ƙungiya ya kira kwamiti kafin ranar da aka sa. A gabansu ki ambaci Haris da suna, ki ce abin da aka tura masa ya bi. Maganar abin da gonar ta rasa kuwa, ki ce kin ɗauki alhakinsa, ki bar wa dattawa da malamai su faɗi yadda za a yi.

Yanzu mataimakin. Kada ki jefar da shi, kuma ki daina karɓar haƙurinsa, don wanda ya ba ki haƙurin ba shi kike tararwa gobe ba. Ki ɗauka kullum sabon ɗan ƙwadago ne ya zo, gwani ne, amma bai taɓa taka gonar ba. Ya ga suna ɗaya sau biyu babu dalili a rubuce, ya cire, ya kuma faɗa miki. Gyaran yana wajenki. Ki buɗe fayil guda a cikin aikin, wanda zai zama farkon abin da yake karantawa a kowane zama. Yawancin waɗannan mataimakan suna da irin fayil ɗin da suke buɗewa da kansu, ki duba na naki. A ciki ki rubuta dokokin ƙungiya, kowace doka da dalilinta, domin dokar da ba ta da dalili ita ce yake tsabtacewa. Ki sa abin da ba a taɓawa sai da izininki. Kada ya wuce shafi ɗaya ko biyu, in ya yi tsawo shi ma zai riƙa tsallake layi kamar yadda kika yi.

Amma rubutu kaɗai ba ya tsare komai, yana iya karantawa ya saɓa. Kowace al'ada ki mayar da ita gwaji, wato ɗan kod da zai duba da kansa cewa gonar da ke takaba ta sami awoyinta a wannan mako, in ba ta samu ba manhajar ta ƙi tura saƙo, ta sanar da ke. Ki hana shi gyara gwajin. Sannan ki daina ɓoye ruwan takaba a ƙarƙashin sunan wani. Ki ba shi gurbinsa, ya fito a fili cewa gonar Adam ce, a hannun Umara, zuwa rana kaza. Saƙon manomi ya riƙa ɗauke da yawan awoyinsa, don da haka ne da tun ranar farko tsohon ya san an rage. Duk abin da aka tura kuma a ajiye shi yadda ya fita, kada a sake lissafa jiya da dokar yau. Sakatare ma ya sami mabuɗin ganinsa, bai kamata gaskiyar mutum tamanin da huɗu ta zauna a hannun mutum ɗaya ba, ko da ke ce.

Zama ɗaya, aiki ɗaya. Kafin ya taɓa komai ya faɗa miki abin da zai yi da fayilolin da zai buɗe. Kalmar nan ta ya tsabtace abin da ya gani, kada ta sake fita daga hannunki. Gyaran da ba za ki iya bayyana wa mahaifinki da Hausa ba, ba ki fahimce shi ba, kada ki amince da shi, kuma in ƙararrawa ta kusa, ki rufe kwamfutar, aikin ya jira. Kafin ki tashi, ki sa shi ya rubuta abin da aka yi, abin da ya rage, da shawarar da aka yanke da dalilinta. Ki karanta ki gyara da hannunki, da shi za ku buɗe zaman gobe. Minti biyar ne. Kuma ina da tabbacin ruwan takaba ba ita kaɗai ce dokar da ba a rubuta ba a fadamar nan. In ƙura ta lafa, ki ɗauki littafi ki zauna da dattawan ƙungiya, su faɗa ki rubuta.

Saura mutum ɗaya, wadda wasiƙarki ta yi ta zagayawa ba ta tsaya a kanta ba. Falmata tana zaune a ɗaki tana ƙirga kwanaki, duk abin da ta sani daga bakin wasu ta ji shi. Abin da aka kai mata shi ne, mutumin da mijinta ya fi yarda da shi a duniya ya shanye ruwan 'ya'yanta tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Shugaban ƙungiya ba zai shiga wajenta ba, mahaifinki ba zai shiga ba, Baba Umara ma iyakarsa zaure. A cikin duk masu hannu a maganar nan, ke kaɗai ce za ki iya cire takalmi ki zauna a tabarmarta ki kalle ta. Ki je da kanki, kada ki aika. Wataƙila ta yafe miki a ranar, wataƙila sai bayan shekara, wannan nata ne. Amma kada ta fita takaba tana ƙin mutumin da ya zo da ƙafa duk laka yana neman wa gonarta ruwa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sassauta miki abin da za ki tarar, ya jiƙan Malam Adam, ya raya abin da ya bari.

Malam Musaddiq